Fuskar Baba a Jikin Butar Shayi

Ina cikin aji a Yola ranar Talata da hantsi direban motar Mubi ya leƙo ya ce in fito. Da na ga ya kasa haɗa ido da ni, na gane. Mahaifina, Malam Buba mai hoto na unguwar Yelwa, ya rasu da asuba. Kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba, kuma mutumin da ya ɗauki rabin garin Mubi hoto bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Tsofaffi da yawa daga kan duwatsu ba sa yarda da kamara. In sun rasu, 'ya'yansu kan zo wurin Baba hannu biyu babu hoto, shi kuma ya ce su kawo kayan mamacin. Sai ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya jera fartanya, takalmin da dunduniya ta cinye, ɓarin goron da ba a ƙarasa ba, ya ɗauka. Kirista da Musulmi duk sun zo. Yakan ce, "Mutum yana gyara fuska gaban kamara, takalmi ba ya gyara komai."

Ni dai ban so aikin ba, ba zan ɓoye ba. Da Inna ta rasu ya ɗauki hoton butar shayinta da mangwaron da ya ruɓe a ɗakinta, na ce masa wannan wulaƙanci ne. Ya ce, "Mangoro ɗin nan ita ya jira." Shekara shida na ƙi kallon hoton.

Ranar sadakar uku, bayan na zazzage akwatunansa ban sami hoton fuskarsa ko ɗaya ba, ƙanwarsa Goggo Asta ta sauko da hoton daga bango, ta ce in duba jikin butar. Ga Baba nan a cikin ƙyallin butar, ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, ya sunkuya, bakinsa a murɗe. Kuka yake yi. Shi da yake yaga hoto in inuwarsa ta faɗa ciki, wannan ya bar shi a bango. Na yi kukan da ban yi ba a hanya, na nemi gafararsa a makare.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da Inna a Aljanna. Goggo Asta da ƙannena, Allah ya ba mu haƙuri. Ni kuma ya yafe mini abin da na faɗa maka.