Sayin da aljihu

Har yau ban yafe wa malamin da ya koya mana awon ƙasa a Birnin Kebbi ba. A kan kalma ɗaya muka ɓata.

A ajinsa muka fara aiki da sayin, lissafin kusurwa da ake gane gangaren hanya ko na magudanar ruwa da shi. Wata Kirista 'yar ajinmu ta tambaye shi ma'anar sunan. Ya ce ba shi da wata ma'ana, Turawa ne suka ƙaga, mu haddace kawai.

Ni kuwa na san ba haka ba ne. Kawuna na Argungu tsohon safiyo ne, ya sha auna fadamun shinkafa, ga shi da Larabci. Shi ya gaya mini mutanen Indiya ne suka fara kiran abin tsirkiyar baka, don layin da ake aunawa a lissafin ya yi kama da ita. Larabawa suka ari kalmarsu, suka rubuta ta ba wasali. Da Turawa suka zo fassara sai suka karanta ta jaibu, wato ƙirjin riga inda ake cusa kaya, suka juya ta da wannan ma'ana zuwa Latin, inda sayin ya fito. Daga jaibun nan mu ma muka sami aljihu.

Na ɗaga hannu na faɗa. 'Yan aji suka yi dariyar jin daɗi, malamin ko ya murtuke.

"Wa yag gaya maka wanga shirme?"

"Kawuna, Malam."

"To tahi fadama, kawunka shi ba ka takardar shaida."

Daga ranar ya daina kiran sunana, sai Mai Aljihu. In mun fita awo bayan unguwar Nasarawa ba ya bari in taɓa na'ura, ni ke riƙe sanda cikin rana daga hantsi har azahar. Zanena kan dawo jajir da biro, na wanda ya kwafa daga wurina kuma ya wuce lafiya. Ya kayar da ni, na maimaita shekara. A hannun wani malami na ci darasin.

Bara muka haɗu wurin ɗaurin aure a Augie. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya miƙo hannu yana fara'a, yana tambaya ko ɗan wane ne ni. Na ba shi kan yatsuna, na ce ni baƙo ne, na koma wata tabarma.