Kwabon da aka ce Zarto ya yanka

Mai Agogo shekararsa arba'in yana sana'a a ƙarƙashin matattakalar wani bene, cikin shagon da in ka miƙe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Sunan ne kawai ya saura, agogo kam ya daɗe da mutuwa tunda kowa ya koma duba lokaci a waya. Abin da ya riƙe shi tsofaffin kwabbai ne. Masu tara su sukan zo masa da wanda suke zaton an yi kuskure wajen buga shi, ya ɗora gilashin nan na ido ɗaya, ya gaya musu ko daga gidan buga kuɗi ya fito a haka, ko kuwa wani ne ya ci zalinsa daga baya.

Kuma bakinsa ba linzami. In mutum goma suka shigo da murna, tara da kunya suke fita. Ya ce wa wani mota ce ta taka naka, ya ce wa wani guduma ce, ga ma sawunta. Akwai wanda ya kawo kwabo ya lauye kamar kunnen akuya, ya ce masa ya je ya tambayi matarsa ko ba da shi take buɗe gwangwani ba. Dokarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya zauna a bencinsa ya haddace ta: kar ka fara duba ciwon, juya ka duba inda ke kallonsa.

Abin da mutane ba su sani ba, dokar nan bai da ita lokacin da ya fi bukatarta.

Yana da yaya, kwandastan bas. Shekara talatin da suka wuce yayan ya shigo shagon da gumi, ya ajiye wani kwabo mai gutsure a gefe kamar an gatsa, ya ce cikin canji ya same shi. Lokacin Mai Agogo ya fara tashe, kansa ya yi girma, ga abokai cike da benci. Ko gilashi bai ɗauka ba. Ya ga wurin gutsuren yana ƙyalli, ga ƙananan ƙarce, sai ya ce wa yayan ya ji tsoron Allah, zarto ya sa masa. Benci ya kwashe da dariya. Daga ranar sunan bawan Allah ya koma Zarto, a tasha, a unguwa, har a bakin yaran da ba su san dalili ba. Bai taɓa rama ba, bai kuma sake taka shagon ba. Gaisuwa kawai ta rage a tsakaninsu, ita ma a tsaitsaye.

Wata biyu bayan rasuwar yayan, 'yarsa ta fari ta shigo da hantsi. Tela ce, zare ma maƙale a gyalenta. Ta gaishe shi, ta kwance wani ƙyalle, ta ajiye kwabon a kan katako. Ta ce a aljihun tsohuwar rigar aikinsa suka gan shi. Ta ce ba sayarwa ta zo yi ba. Ɗanta ne ya dawo daga makaranta yana tambaya wai me ya sa ake ce wa kakansa Zarto, ita kuma ba ta san abin da za ta gaya masa ba.

"Baffa, ka duba min da kyau. In babana maƙaryaci ne, gara in ji daga bakinka."

Ya so ya ce idonsa ya yi rauni. Ya so ya ce ta dawo gobe. Ita ko ta ja benci ta zauna, ta naɗe hannu, kamannin ubanta sak.

Ya ɗora gilashi. Gutsuren yana nan, ƙyallin ya dushe. Ƙarcen da ya kira sawun zarto ashe ba a bakin yankan kaɗai yake ba, ya bi fuskar kwabon gaba ɗaya, ta ko'ina. Wannan ai aikin mai gogewa ne. Mutumin ya sami abu ya ji daɗi, ya sa toka ya dirje shi don ya kawo wa ƙaninsa yana sheƙi. Harufan da ke kusa da gutsuren kuwa ba tsinke su aka yi ba, a hankali suka narke suka bi bakin.

Sannan ya juya zuwa ɗaya gefen. Ya dafa gwiwar hannu a katako, ya matso da shi kusa da ido. Daidai inda ke kallon gutsuren, bakin kwabon ya kwanta, bai taso ba kamar sauran.

Ya sauke gilashin. Da ya buɗe baki, bayani ya fara, don shi ya fi sauƙi. Ya ce mata daga faifan ƙarfe ake huda su tun ba a buga komai a kai ba, wani lokaci injin ya ci gefen ramin da ya riga ya huda, sai kwabo ya fito a gutsure. In an zo tayar masa da baki, matse shi ake yi ta gefe biyu, to inda babu ƙarfe ba abin da zai tokare, shi ya sa ɗaya gefen ke kwanciya. Mai zarto ba ya iya yin wannan, ko zai kwana yana yi.

Ta ce ita ba ta gane turancin nan ba, ya yi mata Hausa.

"Babanki gaskiya ya faɗa. Ni ne ban duba ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce masa an yafe ba. Ta naɗe kwabonta, ta ce to ba ita kaɗai ya kamata ta ji ba.

Ya rufe shago tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba. Ya bi ta har gida, tana gaba yana baya. Matar yayan tana tsakar gida tana shanya wanki. Ya durƙusa kamar yaro, da furfurarsa da komai, ya faɗa mata abin da ya gani, bai rage ko kalma ba. Ya ce zai je tasha ya faɗa, zai kuma nemi waɗanda suka rage cikin 'yan bencin.

Ta matse rigar da ke hannunta, ta yarfa ta a igiya, sannan ta dube shi.

"Ka je ka faɗa musu, ko don yaran. Shi kam ai ya sani. Cewa yake yi ƙanina gwani ne, wata rana zai duba."

Ya tashi da ƙyar, ya tambayi 'yar yayan nasa wace mota ce ke zuwa tasha daga nan.