Gwiwar Hannun Shatu

Shatu mai fura ce a unguwarmu a Daura, mace mai baki kamar reza, amma abu ɗaya ne ke kashe mata murya. Uwarta ta yi amosanin gaɓɓai har hannuwanta suka ƙandare, sai Shatu ce ke yi mata alwala har ta rasu. Da gwiwar hannunta ta dama ta fara kumbura, ba zafin ya dame ta ba. Tsoronta kada wata rana ta miƙa wa wani hannu ya wanke mata.

Ni na raka ta asibiti. Likita ya ce zai yi mata allura a cikin gaɓar don kumburin ya kwanta. Matar da ke korar ƙarti da ludayi sai ga ta ta riƙe mayafina tana salati. Da aka gama ya ce ta huta da hannun kwana biyu, ba daka, ba ɗaukar kaya. In wurin ya yi ja da zafi, ga zazzaɓi, ta dawo da gudu, don ƙwayar cuta na iya cinye gaɓar.

Kafin la'asar ciwon ya ɗauke. Kashegari kuwa ana suna a gidan maƙwabciyarta Ikilima, mata sun taru ana surfe. Duk haihuwar da Shatu ta yi, Ikilima ce kan gaba a turmi. Na hana Shatu, ta ce, “Yaya, da wane ido zan kalli mutane, ga ni garau?” Ta ɗauki taɓarya.

Da safe gwiwar ta yi suntum. Na tarar da ita a bakin rariya, buta a gabanta, tana kallon hannun. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarta ba.

“Haka na Inna ya fara,” ta ce.

Muka koma. Likita ya duba, ya ce ba zazzaɓi, wahala ce ta tayar da kumburin, ta riƙa ɗora ƙanƙara a tsumma. Ikilima ta aiko aka ɗauke taɓaryar Shatu zuwa gidanta, don kada ta sake daka.

Da azahar na ɗauki buta zan zuba mata. Ta fizge da hagu. A hankali, tana cije leɓe tana hawaye, ta wanke hannun har gwiwa da kanta.