Tsokar da Aka Cire wa Sallau Baduku

Sallau baduku ne a Birni, nan Damagaram. Shekara goma sha tara ƙofar gidansa na kallon tawa. Ni a meri nake aiki, wato ofishin magajin gari, ɓangaren rajistar haihuwa da mutuwa, don haka duk takardar Faransanci da ta shigo layinmu ni ake kawo wa. Nasa takardun ma ni na karanta, na kuma rubuta ranakunsu.

Jakunkuna yake ɗinkawa da kuben wuƙa, da jar fatar akuya. Tun yana shekara tara yake riƙe basilla, bai san wata sana'a ba. Da hannuwan nan biyu yake ci da matarsa Falmata da 'ya'ya biyar.

A watan Maris na 2021 basilla ta huda masa babban yatsa, bai ji ba sai da ya ga jini a kan fatar da yake ɗinki. Wanzami ya yi masa ƙaho a wuya har sau uku. A ƙaramin asibitin unguwa aka ce sanyi ne, aka ba shi ƙwayoyi. Wata takwas ana haka. Ya daina iya ɓalla maɓallin riga, ƙafar hagu ta fara ja.

"Malam Mahamud," ya ce mini wata rana, "hannun nan kamar na aro. Ko naka ne da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi biro nauyi ba?"

A babban asibiti likitan ƙwaƙwalwa da laka ya sa shi rufe ido, ya riƙa tsikararsa da allura daga yatsa zuwa kafaɗa. Ya tura shi Yamai a ɗauko hoton da ake kira IRM. Hoton ya nuna ƙari kamar ƙwallon dabino a cikin lakar wuyansa. Likitan ya ce uku kawai ya taɓa gani irinsa, kuma in aka bari hannuwan ne za su fara mutuwa.

An yi aikin ranar 14 ga Fabrairu, 2022, awa bakwai. Ni ina wurin aikina a meri a ranar, ban je asibiti ba. Bayan la'asar wani ma'aikacin jinya ya fito da kwalba a rufe da wata takarda, ya tambayi babba a cikin dangi. Nomau ya miƙe, wan Sallau, manomi a Tirmini. Aka ce masa ga abin da aka cire, a kai shi Yamai a duba.

Nomau ya ji sarai. Amma a gidansu ba a yawo da jikin mutum. Lokacin da aka yanke wa mahaifinsu ƙafa, shi ya naɗe ta ya kai maƙabarta. Washegari ya tsiyaye ruwan kwalbar, ya wanke tsokar, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya binne a gefen maƙabarta, ya yi addu'a.

Bayan sati shida na raka su wurin likita. Ya duba ɗinkin, ya ji daɗi, sannan ya tambayi sakamakon Yamai.

"Na yi mata sutura, likita," in ji Nomau. "Tun da cuta ta fita, me kuma za a duba? In saka naman ƙanena a jaka tare da kayan miya, in hau mota da shi?"

Likitan ya aje biro. Sannan ya yi bayani a hankali. Irin ƙarin nan kashi biyu ne, ido ba ya bambance su, sai an yanka siriri an duba a madubin likita. Ɗaya in an cire shi ke nan. Ɗayan yana dawowa, sai an bi shi da gashin haske a Yamai cikin gaggawa. Ba zai sa a gasa lakar mutum a kan zato ba, don gashin kansa yana iya kashe ta. Abin da ya rage shi ne hoto duk wata shida.

Nomau ya tafi maƙabarta a ranar ya tona. Guntun ƙyalle ya samu, gara ta cinye sauran.

Sallau kuwa ya ji sauƙi. A watan Yuni ya koma ɗinki, yana tsokanar wansa: "Yaya, ka riga ka kai wani sashena, saura kaɗan aikin ya rage maka." Nomau ba ya dariya. Hoton farko ya fito lafiya. Na biyu ya faɗo kusa da ƙaramar salla, aiki ya yi masa yawa, tafiyar Yamai kuma yini guda ce cur. Na tuna masa sau uku. Falmata ta yi magana har ta gaji. Ya ce bayan salla. Bayan salla ya ce ai lafiyarsa lau.

Ranar 9 ga Oktoba, 2023, kofin shayi ya suɓuce masa. Hoto ya nuna ƙarin ya dawo, ya bi laka zuwa wuri uku. Likita ya ce wuƙa ba za ta shiga nan ba kuma. An yi gashin a Yamai, sati shida. Ya rage masa ciwo, bai dawo da komai ba.

A bakin ƙofa Nomau ya tare likitan. "Da na kai, da ya warke?"

"Ban sani ba, Baba. Da dai mun san abin da muke yaƙa da wuri."

Nomau ya bar wa 'ya'yansa gona ya dawo Birni. Shi ke juya ƙanensa duk bayan awa biyu don kada gyambo ya kama shi, shi ke yi masa alwala. Falmata ke ba shi abinci a baki, tana kuma sayar da ƙosai a ƙofar gida. Ban taɓa jin su ukun sun tayar da maganar kwalbar ba.

Hannun dama ya daina motsi a watan Janairu na 2024, na hagu a Afrilu. A watan Mayu wani tsohon mai ciniki ya zo daga Takieta da jaka a gyara masa maratayi. Sallau ya sa aka kawo ta kusa da fuskarsa, ya duba, ya ce ɗinkinsa ne. Ya faɗa wa mutumin sunan wani baduku a unguwar Zango, ya ce ya kai can.