Kawu Ilu da Askarawan Filin Jirgi

Duk wanda ya zauna a unguwar Shumaisi ta Riyad ya san Kawu Ilu ba ya amsa sallama sai ya ɗaga waya ya kunna bidiyo. Ka ce, "Salamu alaikum," ya ce, "Tsaya tukuna... yauwa, sake faɗa." A kawo shinkafar kabsa da zafinta, sai ta huce kafin ya gama ɗaukarta. Direba ne, ƙanin mahaifiyata, kuma a ɗakinsa na sauka da na zo Riyad, don haka ni na fi kowa shan wahalar wayar nan.

Kun san mafarin abin? Zuma! Wata shekara zai je hutu Funtuwa, ya sayo wa matarsa Hajiya Talatu zuma mai kyau, ya jefa a jakar hannu. A wurin bincike aka ce ba a shiga jirgi da ita, aka ajiye. Da ya isa gida ya ba da labari, Hajiya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ilu, ka dai shanye abinka." Wallahi maganar nan ta ƙona shi. Daga ranar ya ce ba abin da zai sake samunsa babu shaida.

Hutu na gaba tare muka tafi. Muna shiga layin bincike na ga hannunsa ya nufi aljihu.

"Kawu, don girman Allah ka bar wayar nan."

"Habu, jakar waye za ta shiga injin can?"

"Taka."

"To ina da haƙƙin in ga shigarta, in ga fitarta, Hajiya ma ta gani."

Ya ɗaga waya kenan wani askari ya matso, cikin ladabi ya ce, "Ya hajj, mamnu'u." Wato an hana.

Kawu ko gezau. "Tambaye shi, ina aka rubuta?"

Askarin ya nuna allo daidai saman kanmu: hoton kyamara, an ja masa jan layi. Kawu ya ɗaga kai ya ƙura masa ido kamar mai karatun jarida. Can ya ce, "Faɗa masa wancan kyamara ce. Ni waya ce a hannuna."

Sai ga mu a ofis! Ina tunanin iƙamata, wato takardar izinin zamana, ina tunanin me zan gaya wa kafil, ubangidan da ya tsaya mini, idan aka kira shi, ga jirgi ba zai jira kowa ba. Shi kuwa Kawu ya harɗe ƙafa kamar an gayyato shi shan shayi. Mudir, wato shugaban wurin, ya karɓi wayar ya kunna bidiyon, muka leƙa gaba ɗaya.

Jama'a, babu inji, babu jaka, babu askari. Ashe kyamarar gaba ya kunna. Hancin Kawu ne ya cika fuskar wayar, ga gemu a ƙasa, ga muryarsa: "Hajiya, kalli da kyau, ga ta nan tana shiga."

Mudir ya yi dariya har ya dafe tebur. Ya miƙo wayar ya ce a goge kawai mu tafi.

"Ba zan goge ba," in ji Kawu. "Tambaye shi, hancin nan nawa ne ko na hukuma?"

Na juya na ce da mudir da Larabci, "Ya ce shukran, ya gode ƙwarai."

"Ba haka na ce ba! Na ji shukran, ni ban ce shukran ba!"

Aka bar masa hancinsa. Amma bai tashi daga kujerar ba sai da ya sa mudir ya bayyana masa dalla-dalla inda aka yarda da inda aka hana. Mutumin ya ce kafin shiga layi babu laifi, bayan an wuce ma haka, amma ban da injina da ma'aikata. Da gudu muka kama jirgi, ina riƙe da takalmansa.

Kuna zaton ya haƙura? Ina! Tun daga nan sai ya tsaya da yatsun ƙafarsa daidai bakin layi, ya ɗauki jakar ciki da waje, ya kashe. Yana wucewa ya sake kunnawa. Tsakiyar da aka hana shi kuwa, ya ce a gida zai haɗa abarsa. Ƙofar ɗakinmu ta zama injin bincike, tabarma ta zama bel ɗin kaya, yana buga cokali a jikin kofi idan mutum ya wuce da ƙarfe. Duk wanda zai tafi gida, musamman 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka daɗe ba su hau jirgi ba, sai ya zo ya yi gwaji. "Cire bel! Fito da makulli! Wannan turaren ya yi yawa, mayar da shi babbar jaka!"

Rannan abin ya ba ni dariya, na zaro wayata zan ɗauke shi. Ya daka mini tsawa: "Mamnu'u!"

"Kawu, ina aka rubuta?"

Ya nuna goshinsa. "Nan."

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba, a nan Riyad aka binne shi. Ranar jana'iza na ga mutane da yawa da ban taɓa gani ba, daga unguwar Suwaidi, daga Jaradiya. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce Kawu ne ya kai shi filin jirgi lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, ya ƙi karɓar komai, kuma bai tayar da mota ba sai da shi dattijon ya kira shi a waya ya ce, "Na wuce lafiya." Na kusa da shi ya ce shi ma haka. Na bayansa ma haka.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu. Allah ya sauƙaƙa masa tambaya, ya yalwata masa makwanci, ya sa shi ma ya wuce lafiya.