Malam Bawa da Ƙwaron da Ake Kira Tsuntsu

Ina cikin aji a Anka, da hantsi, Hajara, ɗiyar Malam Bawa, ta kira ni a waya ta ce mahaifinta ya cika bayan sallar asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli, na sallami yara, na nemi motar Gummi.

Shi ya koyar da mu kimiyya a firamare, a wani ƙauye da ke bakin fadama kusa da Gummi. A bayan ajinsa yana da ɗan lambu da ya kewaye da lalle, ya shuka furanni masu dogon wuya, abin da mutanen gari suke gani ɓata ƙasa ne, tunda ba a miya da fure. Kullum da safe sai ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya.

A lambun nan na fara ganin wani ɗan abu mai fukafukai. Da tsakar rana yake zuwa, ya tsaya cak a iska gaban fure, fukafukansa na kaɗawa har ba a ganinsu, ya sha, ya ja da baya, ya koma wani. Dukanmu muka ce ɗan tsuntsu ne. Malam ya sa muka durƙusa muka yi shiru, ya ce mu nemo masa baki. Babu baki, sai wani siririn harshe da yake naɗewa idan ya gama sha. Muka ga ƙahonni biyu a kansa, muka ƙirga ƙafafu shida. Ya ce ɗan'uwan ƙwarin nan ne masu faɗa wa fitila, sai dai shi da rana yake kiwo. Abin da yake yawan faɗa mana shi ne: "Kada ku faɗi abin da kunka ji, ku faɗi abin da kunka gani."

Wata rana wani babban jami'i ya zo duba makaranta, ya ga abin a lambu, ya tambaye mu sunansa. Na ce ƙwaro ne. Ya yi dariya, ya ce yarinyar nan ba ta san tsuntsu ba, shugaban makaranta ma ya taya shi. Na sunkuyar da kai. Malam Bawa ya matso ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyag ga ta yi daidai. In kana da lokaci, durƙusa ka ƙirga ƙafafunai." Mutumin bai durƙusa ba, kuma an daɗe ana ja wa Malam kunne a kan maganar. Bai janye ta ba. Ni kuwa daga ranar na daina tsoron buɗe baki.

Da hanya ta lalace, 'yan bindiga suka fara tare mutane, malamai da yawa suka nemi canjin wuri, kuma ban ga laifinsu ba. Shi ya ƙi. Ya ce in kowa ya tafi, wa zai ce wa yaran su duba. Aka rufe makarantar na wani lokaci, ya ci gaba da tara su a lambun.

A wurin gaisuwa na ji wani dattijo yana cewa Allah ya jiƙan Bawa, ya ƙare rayuwarsa a kallon ƙwari. Ban iya haɗiye maganar ba. Na ce masa, Baba, a cikin waɗanda suka durƙusa a lambun nan akwai ma'aikaciyar jinya, akwai malaman gona, akwai ni. An kuma ce za a share lambun a shuka gero. Mu ɗalibansa mun je mun gaya wa mai gari ba za a share ba, mun raba ban ruwa a tsakaninmu.

Allah ya gafarta wa Malam Bawa, ya yalwata kabarinsa, ya sa abin da ya koya mana ya zama haske gare shi. Allah ya ba matarsa Inna Kulu da Hajara da ƙannenta haƙuri, ya tsare su, ya dawo wa ƙasarmu da lafiyar da ya rasu yana jira. Amin.