Zaren da Na Zura a Rijiyar Gidanmu

Shekarun baya, ina dab da gama koyon aikin zaren gilashi a Takoradi, na dawo gida Salaga da buƙata ɗaya tak: mahaifiyata ta sa mini albarka in tafi aiki a teku. An ba ni mako biyu in amsa ko zan hau jirgi, ko a ba wani gurbin. Ni kuwa ba zan taka jirgin kowa ba sai ta ce je ka.

Aikin shi ne kula da igiyar da ke haɗa jirgi da injin da ake saukarwa ƙarƙashin teku. A cikin igiyar akwai zare siriri kamar gashin kai, haske ne ke bi ta cikinsa ya kawo hoton abin da injin yake gani. Na yi mata wannan bayani har bakina ya bushe. Na ce ko ɗan yatsana ba zai jiƙe ba, a ɗaki zan zauna ina kallon allo.

"Mu mutanen tudu ne," in ji ta. "Da ƙafa da jaki kakanninka suka yi fataucin goro. Ba mu gaji ruwa ba."

Sai ilimin wata takwas ya hau mini kai, na ce gani ya kori ji. A bayan gidanmu akwai tsohuwar rijiya da aka rufe da faifan dutse tun kafin a haifi babana. Salaga garin rijiyoyi ne, ban taɓa tambayar dalilin rufe tamu ba. Na kira abokina, mutumin Bawku da ke aikin ja wa layukan waya zare a Yendi. Ya zo da naɗin igiya, da wata kyamara mai fitila da ya cusa a bututu ya liƙe da kansa, da akwatin awo. Akwatin nan haske yake aikawa cikin zare, ya faɗa maka a mita nawa aka lanƙwasa shi ko aka matse shi.

Bayan azahar muka ture dutsen. Wani sanyi ya taso, mai warin tsohuwar randa. Mahaifiyata ta fito ta gan mu, ta tsaya cik. Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba, ta jawo kujera ta zauna gaban allon da muka haɗa da kyamarar, ta ce, "Tun da ka buɗe, nuna mini."

Na fara sakin igiyar, ina ta surutu kamar mai tallan magani. Hoto tar: bango, saiwoyi, gizo-gizo. A mita goma sha biyu kyamara ta shiga ruwa. Ruwan garau yake, abin da ya fara ba ni mamaki ke nan. A mita goma sha takwas ta zauna a ƙasa, fitila ta haska wani ƙarfe da tsatsa ta ci, zobe biyu haɗe da ɗan sanda. Zoben ƙanana ne, ba za su zagaye idon sawun babban namiji ba.

Surutuna ya ƙare.

"Mari ne," in ji mahaifiyata, idonta a kan allon. "Ba goro kaɗai kakan babanka ya yi fatauci ba. A bakin rijiyar nan ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa. Surukata ta ce wata yarinya ta faɗa da kanta, da marin a ƙafa. Ba a ciro ta ba, dutse aka ɗora."

Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda. Na ɗan ja igiyar don in ɗago kyamara, sai na ji ta ƙi. Hoto ya fara tsinkewa.

Abokina ya duba akwatin awo. "Ɗan'uwa, wani abu ya matse waya a mita sha bakwai. Wataƙila dutse."

Na saki, na girgiza, na sake ja. Shiru.

"Tsaya," ya ce. "Yanzu shi na sha huɗu."

Duk wanda ya koyi aikin nan ya san matsa ba ta tafiya. Dutse ya danne zare, nan za ka same shi gobe. Na ce ya sake awo. Ya sake, muryarsa ta yi ƙasa: "Sha ɗaya. Ya fita ruwa kwaraa, gaba ɗaya. Mma, abin nan hawa yake yi."

Igiyar tana hannuna, kuma wallahi na ji nauyinta ya canja. Ba fizga ba ce. Nauyi ne mai zuwa yana ɗaukewa, kamar ana kama ta hannu bayan hannu. Na leƙa, ga rana a sama, ban ga komai ba sai igiya ta miƙe cikin duhu.

"Takwas."

"Yanke," in ji mahaifiyata.

"Mma, kyamarar ba tawa ba ce..."

"Yanke, ɗan'uwa, na yafe!" in ji abokina, ya riga ya miƙo mini almakashi.

Na yanke. Igiyar ta sulale ciki, muka kasa kunne mu ji faɗuwarta a ruwa, ba mu ji ba. Mu biyu muka mai da dutsen da da ƙyar muka ture, cikin ƙiftawar ido. Abokina ko ruwa bai tsaya sha ba, sai da ya isa Bimbilla ya kira ni.

Na san na ɓata rawata da tsalle. Na zo nuna mata ruwa ba abin tsoro ba ne, ga abin da na nuna. Kwana biyu ban tada maganar ba, ita ma haka. Ta sa an yi sadakar masa, ta sa liman ya yi wa yarinyar addu'a. Rana ta uku ina haɗa kaya, na riga na tsara yadda zan ce a ba wani gurbin, ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Tekun nan, da nisa daga nan?"

"Da nisa, Mma."

Ta ɗora hannu a kaina. "Je ka, Allah ya yi maka albarka. Ruwan can bai san gidanmu ba."

Na yi shekaru a jirgi tun daga nan. Na tambayi waɗanda suka fi ni sanin zare, wani ya ce saiwa ce igiyar ta riƙa zamewa a kanta, wani ya ce akwatin ne ya ruɗe saboda gajartar tazara. Mai yiwuwa haka ne, ina ma so ya zama haka. Amma ko an warware mini maganar igiya, marin nan na gan shi da idona, kuma a cikin ginin da aka yi da kuɗin bayi aka haife ni. Har yau in na tuna, ba tsoron abin da ke hawowa ne ya fi damuna ba. Yarinya ce ta kai mita takwas da bakin rijiya, ni kuma na yanke igiyar.